Abin da Kokawa Ta Ci Mini

Ranar Talata da la'asar na bi ta filin kokawa na Langa-Langa, ba da niyyar tsayawa ba. Ganga ce ta riƙe ni, kamar kullum. A gefen fili na hango ɗan ƙanwata zaune a ƙasa yana naɗe gwiwarsa ta hagu da tsumma, yana ja yana cije leɓe. Da ya gama, ya zaro ƙwaya biyu daga aljihu ya watsa a baki, ya kora da ruwan leda. Na ƙarasa na ce, "Kai, me ka sha?" Ya ce, "Kawu, na ciwon jiki ne kawai." Na san tramol in na gan shi. Ɗaurin nan ma na san shi, don ƙafar da nake ja yau haka na riƙa ɗaure ta.

Da dare uwarsa ta gaya mini ya bar shagon walda da yake koyon aiki a Zango, wai sai ya shiga cikin goman da za su wakilci Damagaram a kokawar Takobi, gasar ƙasa ta Nijar da ake ba zakaranta takobi.

Ni na shiga goman nan har sau huɗu. Jihohi takwas, kowace ta kawo ƴan kokawa goma, mutum 80 ke nan, takobi kuwa ɗaya. Kaye ɗaya aka yi maka, kai da takobi sai baɗi. Tun 1975 da aka fara a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauka, ba yaron da ya tashi a ƙauyukanmu na wajen Mirya bai yi mafarkinsa ba. Ni mafarkin ya shige ni fiye da kima.

Mahaifina bai hana ni ba, shi ma ya yi kokawar dandali in an gama girbi. Abin da yake cewa kawai, kada gona ta kwana saboda ita. Na bar masa gonar, shi da ƙannena. Bijimin da muke huɗa da shi, ni na matsa aka sayar, kuɗin suka tafi wajen malamai da layu da guraye da makaɗa. Ranar sunan ƴata ta fari ina sansanin horo. Matata ba ta ce uffan ba, har yau kuma ba ta ce ba.

Amma a yi mini adalci. Wanda bai taɓa tsayawa tsakiyar fili ba, makaɗi na kiran sunan kakansa, jama'a sun miƙe tsaye, bai san abin da yake hukuntawa ba. Kuma ba hannu rabbana na dawo ba. Da kuɗin kokawa na rufa wa mahaifiyata ɗaki da kwano, da su na aurar da ƙanwata, uwar yaron nan. Da na zauna noman gero, da wa zai yi?

Haka nake faɗa wa kaina. Sai in tuna shekarata ta uku.

Kwana huɗu ana karawa ba wanda ya kai ni ƙasa. Da magariba saƙo ya iske ni cewa jikin Baba ya yi tsanani, an kawo shi asibiti cikin gari. Mota tana nan, kuɗin mota yana aljihuna. Na ce bari in yi ta gobe tukuna. Washegari wani yaro ya kama ƙafar nan mai ɗauri, ko minti biyu ba mu yi ba. Kafin in iso gida an riga an kai Baba makwancinsa. Ƙannena sun ce rediyo na kusa da kansa har ƙarshe, sun ce da bakinsa ya ce a ƙyale ni in gama. Shekaru na yi ina riƙe da wannan magana. Gaskiya ce, na yarda. Amma saƙon ya iso gare ni, na kuma gane abin da yake nufi.

Gwiwar kuwa, likita ya ce in huta shekara guda, na huta mako uku. Yau a kan kujera nake sallah.

A hanyar gida ranar Talatar na tsara maganganu da yawa da zan faɗa wa yaron da ire-irensa. Da na zauna rubutu, kaɗan suka rage.

Ku bar ƙwayar nan. Ba ta warkar da komai, ciwon take rufewa, kai kuma ka ci gaba da taka jijiyar da ta tsage har ta gama lalacewa.

Kada ku saki sana'a. Kuna ganin Issaka Issaka na Dosso da takobi shida, kuna ganin Alfaga ɗan wasan taekwondo da lambar azurfar da ya ciwo a gasar Olamfik ta Riyo a 2016, sai ku ɗauka layi ne kowa zai kai. Sauran 79 ɗin da ba su ɗauki takobi ba fa, ina suke komawa in an watse? Ku zo tasha ku ga wasu suna dako. Abin da ke ƙona mini rai ma, ko wahalar ba ku son sha. Mu da asuba muke gudu kan duwatsun Birni har numfashi ya ƙare. Ku kuwa kafin gumi ya tsatso an miƙa wa aboki waya ya ɗauki hoto. Suna kuke so, ba kokawa ba.

In kuma za ku yi, to ku yi da gaske. Wanda ya shiga fili rabin zuciyarsa na shago, kaye zai sha. Na san wannan ya ci karo da abin da na faɗa yanzu. Ban san yadda ake haɗa su ba, da na sani da na haɗa. Abin da ba na shakka a kansa ɗaya ne: in aka aiko daga gida, ka ajiye komai ka tafi, ko da kai kaɗai ka rage ba a kayar ba.

Jiya na koma filin na ce masa ya zo ranar Litinin mu je a ɗauki hoton gwiwar, ni zan biya. Ya ce, "To, Kawu." Idonsa na kan fili, an fara kaɗa masa ganga.