Jarkoki huɗu da na bari babu ruwa a daren guguwar Idai

Har yau ina jin haushin kaina duk lokacin da na tuna jarkoki huɗun da na bari babu ko ɗigon ruwa a ciki ranar 14 ga Maris, 2019, a gidan da nake haya a birnin Beira na ƙasar Mozambik.

Idai ba ta zo mana bagatatan ba. Tun farkon watan ta soma a matsayin hadari mai rauni, ta shiga tudu ta zazzage ruwa a Malawi, har muka ɗauka can za ta ƙare. Sai ta juyo ta faɗa tekun da ke tsakanin Mozambik da Madagaska, inda ruwa ke da ɗumi, kuma ɗumin nan shi ne abincinta: tururi ya tashi ya zama girgije, zafin da ya saki ya ƙara jawo iska, har ta yi ido, wato filin nan mai tsit da ke buɗewa a tsakiyar guguwa idan ta yi ƙarfi, ta kamo hanyarmu.

Ni kuwa iska kaɗai na yi wa shiri. Na ɗora buhunan yashi a kan kwano, na buga katako a tagogi, amma famfo yana zuba a gabana ban tara ko bokiti ɗaya ba, don a tunanina wanda ruwan sama zai yi wa yawa ba zai rasa na sha ba. Cikin dare kwanon ya tashi da buhunan nasa baki ɗaya, kuma wannan ce ƙaramar asarar.

Gari ya waye babu wuta, babu layin waya, famfo ya ƙafe, tun da injinan tura ruwa da lantarki suke aiki. Kogunan Buzi da Pungwe suka cika suka batse, ambaliya ta yanke babbar hanyar da ke haɗa Beira da sauran ƙasar. Rijiyar tsakar gidanmu ta gauraya da ruwan masai, muka koma tarar ruwan sama a tukunya muna tacewa da ƙyalle. Kafin watan ya ƙare kwalara ta ɓulla a unguwar Munhava, na riƙa zargin kowane kofi da na kai baki.

Mutum fiye da 1,000 suka rasu a Mozambik da Zimbabuwe da Malawi, don haka ina jin kunyar kiran ƙishirwata wahala. Duk da haka, wanda ya ji sanarwar guguwa ya fara cika duk wani mazubi da ke gidansa kafin ya taɓa guduma. Nawa jarkokin a bayan ƙofa na tarar da su da safe, iska ba ta ko kayar da su ba.