Kwana biyu a Panteka da babur ɗin Baba

Babur ɗin Honda CG125 ne, ja. Mahaifinmu ya saye shi sabo fil a 1982, lokacin yana koyarwa a wata firamare a Zariya. A kansa aka fara kai ni makaranta, ina zaune bisa tanki na ƙanƙame sandar madubi. Da Allah ya yi masa rasuwa aka zo rabon gado, ban nemi komai ba sai shi.

Da daminar da ta wuce na faɗa wani rami da shi cikin dare, ruwa ya rufe ramin ban gani ba. Allah ya kiyaye, kurjewa kawai na samu a gwiwa, babur kuma ya tashi da bugu ɗaya. Amma tun daga ranar ya daina tafiya sak. In na ɗan sassauta hannu sai ya ja hagu, tayar baya ta riƙa cinyewa ta gefe guda, kaca kuma kullum sai ta zame. Wani mai walda ya duba ya ga tsaga a ƙarfen da ya sauko daga wuyan babur zuwa gaban inji, ya ɗora masa walda nan take a tsaye, ko tanki bai cire ba. Na ji daɗin sauƙin kuɗin. Ba a yi wata biyu ba tsagar ta sake buɗewa a gefen waldar, ta fi ta farko tsawo. Araha ba ta ado.

Kawuna da ke Tudun Wadar Kaduna na kira na yi wa bayani. Bai bari na gama ba ya ce, "Kada ka ƙara hawa shi. Ɗauko shi ka kawo Panteka, akwai wani dattijo da zan haɗa ka da shi."

Ranar Talata bayan sallar Asuba muka tashi daga Kwangila a a-kori-kurar wani abokina da zai kai masara Kaduna. Muka tsayar da babur tsakanin buhuna, muka ɗaure shi da igiya ta kusurwa huɗu. Hunturu ne, hazo ya sauko har fitilun manyan motoci ba a ganinsu sai sun matso. Tafiyar ba ta wuce kilomita 80 ba, amma duk ramin da muka taka sai na waiga ta gilashin baya. Muka wuce Gwargwaje, muka wuce Jaji da barikinta, a Maraban Jos muka tsaya shan shayi tsakanin tirelolin da suka kwana a bakin titi. A Rigachikun na hango ƙofar Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, na tuna Baba yakan zo nan a kan wannan babur ɗin ya koma Zariya a yini guda, da takardu ɗaure a kariya. Daga sabuwar gadar Kawo, wadda aka buɗe a 2022, direba ya karya ta Mando ya hau baifas, muka bi ta Kurmin Mashi da Badiko. Ƙarfe 8 da 'yan mintuna muka sauke babur a Tsohuwar Panteka, kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna.

Kunne ne ke fara shiga Panteka kafin ido. Tun daga bakin titi ake jin guduma na amsa wa guduma, garanda na kuka, janareta na ruri. Da muka kutsa layukan ina tura babur, kawu na gaba, sai na ga abin da na daɗe ina ji a baki. Nan ana narka alminiyam ana zuba shi a ƙasa yana fitowa tukunya, can ana haɗa injin markaɗe, gaba kaɗan ƙyauren ƙarfe ne jingine da tankunan ruwa da baro da murhun gawayi. Yara masu koyon sana'a na ta kai da komo da ƙarafa a kafaɗa, suna cewa a ba su hanya. Gani ya kori ji.

Rumfar dattijon tana can ƙarshen wani siririn layi. Ya haura saba'in, gajere ne, gemunsa fari tas, hannayensa duk tabon tartsatsi. Muka durƙusa muka gaisa, ya yi min ta'aziyyar mahaifina kamar jiya aka yi rasuwar. Sannan ya zagaya babur sau biyu bai taɓa shi ba.

"Ɗana, wa ya yi maka wannan walda?"

Na ce wani ne a can wajenmu. Bai nemi sunansa ba, ya dai girgiza kai ya aika yaro ya kawo zare.

Zaren ɗinkin buhu ne. Ya sa aka kafa babur a kan jak ɗinsa na tsakiya, ya zagaya zaren ta bayan tayar baya, ya ja bakin biyu zuwa gaba, kowanne na shafar gefen tayar. Ya tsuguna ya ce in tsuguna kusa da shi. Tayar gaba ta fi ta baya siranta, saboda haka in shasi, wato ƙashin babur da komai ke ɗaure a jikinsa, na nan daidai, ratar da ke tsakanin zare da tayar gaba ɗaya za ta zama hagu da dama. A nawa, ta hagu yatsa ɗaya ba ya shiga, ta dama kuwa yatsu biyu na shigewa. Ya ce tayoyin ba layi ɗaya suke bi ba, ta gaba na tafiya gidanta, ta baya na tafiya nata.

Daga nan aka shiga kwancewa. Yaransa biyu da wani bakanike maƙwabcinsa suka cire tanki da sit da batir da wayoyi, aka sauke salansa da kabireta, aka zare tayoyi. Kowane noti sai an mayar da shi kan ƙusarsa an jefa a gwangwani. Da aka zo sauke inji, ƙusar gaba ta ƙi fita sai da aka buga, tana fita kuma ƙarfen ya yi tsalle ya goce daga ramin. Dattijo ya nuna min da baki. Ya ce shasin wannan babur ba shi da ƙarfe a ƙarƙashin inji, injin da kansa ne ke haɗa gaba da baya, don haka duk watannin nan injin ne ke riƙe da lanƙwasar da ƙarfin tsiya. Ya ce in gode wa Allah da bai fasa kunnen injin ba.

Honda ta fito da CG125 a 1975, ta kuma yi shi ne musamman don ƙasashe irin namu, inda hanya ba ta da kyau kuma ba kowa ke sauya baƙin mai a kan lokaci ba. Shi ya sa inji ke shekara arba'in yana bugawa. Amma shasi bututun ƙarfe ne mara kauri sosai, in ya sha duka yakan riƙe abin a ransa.

Abin da ya yi bayan nan ban taɓa gani ba. Da shasi ya rage tsirara, aka kankare fenti a wuya da duk mahaɗai, ya shafe wuraren da kananzir, ya bari ya ɗan jima, ya goge tas da tsumma. Sai ya ɗauko allin makaranta ya goga har wurin ya yi fari. Muka zauna. Kafin in gama shan ruwan da aka kawo min, wani siririn layi ya fara fitowa a cikin farin allin, kananzirin da ya shige tsaga ne ke dawowa. Layin ya zarce inda idona ke gani da kusan tsawon ɗan yatsa. Dattijo ya bi shi da farce har ƙarshe, sannan ya koma kan wuya ya daɗe yana dubawa. Wuya fari fat, ba layi ko ɗaya.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Da a wuya take, da ban taɓa shi ba. Wuya ba a yi masa faci. Can ne ran mai babur yake."

Duk da haka ya ce mu fara neman wani shasin, in an samu lafiyayye sauyawa ta fi gyara kwanciyar hankali. Ya haɗa ni da babban yaronsa muka hau Keke Napep zuwa wurin 'yan gwangwan a Sabuwar Panteka. Muka tono guda uku daga cikin tarin ƙarafa. Na farko da yaron ya ɗaga ya girgiza, sai muka ji tsatsa na zuba a cikinsa kamar tsakuwa a gwangwani, ya cinye ta ciki ke nan. Na biyu na irin baburan Sin ne da aka kwaikwayi CG, kamarsu ɗaya a ido, amma ya fi sauƙin nauyi, ramukan ɗaure inji kuma ba su zauna daidai da ma'aunin da muka zo da shi ba. Na uku na asali ne, miƙaƙƙe, har da sauran baƙin fentinsa. Raina ya biya. Muka bar kuɗin jingina muka ɗauko shi.

Dattijo bai ko auna shi ba. Ya juya wuyan ya shafa da babban yatsa, ya miƙo min in shafa. Inda lambar shasi take an bi shi da garanda an shafe, sumul.

"Mayar musu. Wanda ya goge lamba akwai abin da yake ɓoyewa. Wataƙila mai wannan babur har yau yana kukan rashinsa. Kai kuma takardun mahaifinka lambar da ke wuyan wancan suka sani, ranar da aka tare ka a hanya me za ka ce?"

Na ji nauyin maganar. Ni ƙarfe kawai na gani, ban yi tunanin ta inda ya biyo ya iso wurin ba. Muka mayar, aka dawo kan gyara.

Yana da wani guntun ƙarfen dogo kafe a ƙasan rumfa. A kansa aka ɗaure shasi da sarƙa da matsi. Ya zura doguwar sanda miƙaƙƙiya ta ramin wuya, ya zura wata ta ramin da hannun tayar baya ke juyawa, ya koma nesa ya rufe ido ɗaya. Ta wuyan ya kamata ta tsaya cak a kan ta kwancen, amma ta ɗan sunkuya gefe. Da jak ɗin mota aka riƙa turawa, kaɗan-kaɗan, ba wuta. Ya ce lanƙwasar ba ta kai a gasa ƙarfe ba, kuma ƙarfen da aka gasa ya yi ja ba ya komawa yadda yake. A tura, a saki, ya je ya hango, a sake turawa. Wannan kaɗai ya ci mu har La'asar.

Sannan ya yanke ɓangaren da ya lalace gaba ɗaya, da tsagar da tsohuwar waldar. Ya nuna min cikinsa: wuta ta yi yawa ta cinye gefen bututun ya zama kamar takarda, kuma an yi waldar ƙarfe na cikin matsi, dole ya nemi inda zai huce. Yankan a karkace ya yi shi don mahaɗar ta yi tsawo. Ya samo bututu mai kauri ɗaya, ya zura wani ƙarami a ciki ya ratsa mahaɗai biyun, ya huda ramuka a na wajen domin walda ta kama na cikin. Ana shirin kunna inji aka ɗauke wuta. Ya ce ba ya son waldar nan da ƙaramin janareta, mu bari sai gobe.

A gidan kawu na kwana. Bayan tuwon dare muka zauna a ƙofar gida yana ba ni labarin Kakuri, inda ya yi shekaru a masaƙa. Ya ce masaƙar Kaduna ta farko ta fara aiki a 1957, kamfanin haɗa Peugeot ya zo a 1975, in an tashi daga aiki kekuna da babura sukan cika titi har ba wurin taka ƙafa. Masaƙar farkon ta rufe a 2002, sauran masaƙu suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Ya ce shi wannan dattijon a can suka san juna, yana sashen gyaran injuna, da aiki ya ƙare ya kwaso abin da ke kansa ya dawo Panteka. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji kawu. Abin da ya tsaya min a rai shi ne yaran rumfar. In ba su kwashe wannan sanin ba tun yana raye, zare da alli za su tafi tare da shi.

Laraba da hantsi wuta ta dawo. Ya fara ɗiga walda wuri huɗu, ya mayar da sandunan ya hango, ya ɗora kwankon inji ya ga ƙusoshi na shiga da hannu ba duka. Sai ya ci gaba, ɗan kaɗan ta wannan gefe, ya juya ɗan kaɗan ta wancan, don kada zafi ya ja ƙarfen gefe guda. Wani yaro ya ɗauko buta zai zuba ruwa, ya daka masa tsawa ya ce a bar shi ya huce da kansa. Da ya huce aka sake kananzir da alli. Fari fat.

Aka fesa baƙin fenti, aka bar lambar wuya a fili. Na sayi sabon boris na wuya da sabuwar tayar baya. Kafin Azahar an haɗa komai, zare ya sake zagayawa, yatsa ɗaya da rabi hagu, yatsa ɗaya da rabi dama. Da na tambayi kuɗin aiki ya faɗi abin da bai kai yadda na zata ba, na ƙara wa yaran na abinci. Ya riƙe hannuna ya ce in na yi mako ina hawa in sake ɗaure ƙusoshin inji, kuma duk wata in duba mahaɗar da ido.

"Allah ya jiƙan mai shi. Allah ya tsare hanya."

Ƙarfe 2 da rabi na kama hanya don in isa da sauran rana. Ban wuce gudun 60 ba. Bayan Birnin Yero, inda titi ya miƙe ba mota kusa, na sassauta hannuna a kan kan babur, ya ci gaba da tafiya sak bai nemi hagu ba. Na shiga Zariya kafin La'asar sakaliya. Ina karyo kwanar layinmu na hango Inna ta leƙo daga zaure da carbi a hannu, ta ce tun daga bakin masallaci ta gane ƙarar.