Abin da faifan Death Magnetic ya koya mini kafin in bar situdiyo

A ƙarshen watan nan na ajiye aikin haɗa sauti a situdiyon da na koyi sana'a, kuma darasi mafi girma da zan tafi da shi na same shi ne daga faifan Death Magnetic, wanda ƙungiyar mawaƙa ta Metallica ta Amurka ta fitar a watan Satumba na 2008 ƙarƙashin kulawar furodusa Rick Rubin.

Duk mai adalci zai yarda cewa faifan yana da ƙarfi ta fuskar kiɗa. A faifansu na 2003, St. Anger, sun hana jita ta fito ita kaɗai ta nuna gwaninta, abin da ya ɓata wa masoyansu rai, amma a wannan karon mai kaɗa jitarsu Kirk Hammett ya samu fili ya saki hannu, Robert Trujillo kuma ya kaɗa bas, wato jita mai kaurin sauti, a faifan ƙungiyar karo na farko. Waƙoƙi 10 ne, mafi yawansu sun haura minti 7, kuma a cikin "All Nightmare Long" za ka ji ganga da jita suna sauya gudu tare babu mai taka ƙafar wani. Faifan ya shiga jadawalin Billboard na faifan da suka fi kasuwa a Amurka a matsayi na ɗaya, "My Apocalypse" kuma ta ci kyautar Grammy a 2009. Ina ganin da an rage tsawon wasu waƙoƙin da sun fi armashi, sai dai wannan ƙaramin aibi ne idan aka kwatanta shi da abin da aka yi wa sautin.

Mu da muke zaune gaban kwamfuta mun san cewa sautin dijital yana da iyaka, wato sifili a kan mita, kuma idan aka ci gaba da tura shi sai an aske kawunan igiyar sautin. Haka aka yi wa wannan faifai. Idan ka buɗe waƙa ɗaya a manhaja, za ka gan ta kamar bulo, babu hawa babu sauka, dukan ganga ya rasa nauyinsa, jita tana karce kunne, mai sauraro kuma yana gajiya tun faifan bai kai rabi ba. Injiniyan da ya yi aikin ƙarshe a kansa, Ted Jensen, ya bayyana cewa a matse aka kawo masa waƙoƙin. Abin da ya tona asirin ɓarnar shi ne, an fitar da waƙoƙin a wasan bidiyo na Guitar Hero ba tare da wannan matsi ba, mutane suka kwatanta su, dubbai kuma suka sa hannu a takardar neman a sake haɗa faifan.

Na kunna wa maigidana kwafin biyu a ranar da muka saɓa a kan waƙar biki da wani mawaƙi ya kawo mana. Na haɗa ta na bar wa kalangu wurin numfashi, maigidan kuwa ya saurara bai kai minti ɗaya ba ya ce, "Malam, ƙara mata wuta, a waya za a ji ta." Na ce, "Yallaɓai, mita ta riga ta taɓa ja, idan aka ƙara za ta fashe a manyan lasifikoki." Ya ce kiɗan Turawa ya juya mini kai. Da na tafi sallar La'asar ya hau kujerata ya tura limita, wato abin matse sauti don ya ƙara ƙara, da hannunsa, ya miƙa wa mawaƙin aikin. Bayan biki mawaƙin ya dawo a fusace, yana cewa muryarsa ta riƙa tsagewa a gaban iyayen amarya, kuma a gaban idona maigidan ya ce aikin yaronsa ne, sannan ya yanke kuɗin gyara daga albashina. Ban ce uffan ba saboda girmansa, amma har yau abin yana ci mini rai, domin ya san hannun da ya taɓa waƙar.

Sauran darussan gajeru ne. Kada ka yanke hukunci a kan haɗi da kunnen da ya wuni yana aiki. Ka gwada kowace waƙa a waya, a mota, da kuma babbar lasifika. Ka kuma sani cewa YouTube da Spotify suna rage ƙarar waƙar da ta wuce ma'auninsu, saboda haka wanda ya matse tasa ya yi asarar nauyin ganga ba tare da ya fi kowa ƙara ba.

Ga ƙanina da zai gaji kujerar, ka riƙa ajiye kwafin haɗinka da kwanan wata a naka filas kafin ka tashi daga gaban kwamfuta, ko da alwala za ka je yi.