Nawa ka kashe a kan burodi ɗaya?

Shekara biyu na yi ina riƙe da gidan burodi a Tudun Wadar Kaduna kafin a yi mini tambayar da ta tsayar da ni cak. Mahaifina ne ya yi ta. Wata safiya a 2022 ya biyo daga masallaci bayan sallar Asuba, ya tarar masu babura sun yi layi ana loda musu burodi cikin akwatunan katako. Ni kuwa ina ta kai-komo da fara'a, don a ganina kasuwa ta buɗe. Ya ɗauki guda ɗaya, ya jinjina shi a tafin hannu, ya ce, “Wannan nawa ka kashe a kansa?”

Na faɗa masa kuɗin buhun fulawa. Ya ce ba buhu ya tambaya ba. Na faɗa masa cinikin jiya. Ya girgiza kai, ya mayar da burodin cikin akwati.

Baba ya fi shekara ashirin yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, lokacin da garin nan ke tashi da jiniyar masana'anta. A sashen duba yadi ya ƙare aikinsa, inda ake jan atamfa a kan tebur mai fitila ana neman inda zare ya tsinke ko launi ya zarce. Ya ce a can babu yadin da ke fita ba a san audugar da ya ci ba, da rinin, da wutar, da awannin ma'aikaci. Ranar na ji kunya ƙwarai, domin a daidai lokacin yaƙin Rasha da Yukiren ya tayar da farashin alkama a duniya, mu kuma yawancin alkamar da ake niƙa mana fulawa daga waje ake shigo da ita. Kullum ina kukan tsadar fulawa, alhali ban san ko riba nake ci ko uwar kuɗi ba.

Abin da na fara saye shi ne sikeli da littafi mai bangon kwali. Buhun fulawa kilo 50 ne. Idan muka zuba ruwa da sukari da bota da yis da gishiri bisa ma'auninmu, kwaɓin yakan kai kilo 85. Babban burodinmu ana yanka ƙullinsa giram 850, wato kowane buhu ya kamata ya ba ni guda 100. Amma yaran da hannu suke yanka, sun saba, suna alfahari da cewa hannunsu ya fi sikeli. Na tsaya a bakin tebur na auna ƙulli ashirin a jere. Wani 820, wani 940, yawancinsu dai sun haura. Da na raba, sai ya kama kusan 900. Buhu kenan yana ba ni 94 maimakon 100. Buhu huɗu muke kwaɓawa a rana, burodi 24 ke nan ke salwanta kullum, a kwana 26 na aiki sun haura 600. Babu wanda ya saci komai. Kyauta nake rabawa ban sani ba, kuma wanda ƙaramin ya faɗa hannunsa yana tafiya da haushina.

Shugaban masu kwaɓin bai ji daɗin sikelin ba. Ya girme ni, ya kuma riga ni shiga sana'ar da nisa. Ya ce, “Maigida, yau kuma mu za a koya wa yankan ƙulli?” Na ce masa, “Yaya, ba hannunka nake zargi ba, zo mu ƙirga tare.” Mako guda muka yi muna rubuta abin da kowane buhu ya haifa. Da ya ga lissafin da idonsa, shi da kansa ya riƙa tsawata wa yara.

Littafin ya fi sikelin tona asiri. Akwai kuɗin da ke tafiya da yawan aiki, irin su fulawa da sukari da leda. Akwai kuma wanda ba ruwansa da ko ka gasa ko ba ka gasa ba: haya, albashi, gyaran injin kwaɓi da na murza. Tanda ma kusan haka take, itacen da za ta ci kafin ta yi zafi ɗaya ne ko buhu biyu za a gasa ko biyar. Sai waɗanda ban taɓa ɗauka a bakin kuɗi ba, burodin da ya ƙone a gefen wuta, wanda ma'aikata ke karyawa da shi, wanda nake miƙa wa baƙi, bashin masu shago da ke kwana wata, da nawa albashin da ban taɓa yanka wa kaina ba, sai dai in zura hannu a aljihun ciniki duk sanda cefane ya taso.

Ganin cewa yawan gashi na rage kuɗin kowane burodi, sai na ƙara buhu ɗaya a rana. Kwana uku aka fara dawo mini da kwantai. Burodin da ya kwana biyu a shago, rabin kuɗi ma da ƙyar. Daga nan na koma kiran masu rarrabawa da masu shayi kowace yamma bayan La'asar, kowa ya faɗi adadin da yake so gobe, a kan wannan muke yanke buhu nawa za a buɗe. Yanayi ma na shiga lissafi. Da hunturu ƙulli na jan jiki kafin ya tashi, sai mun sa ruwa mai ɗumi mun rufe tagogi. A zafin Maris da Afrilu kuwa, in aka yi sakaci kaɗan zai wuce ya yi tsami. Da damina itace jiƙaƙƙe ne, burodi kuma na saurin fumfuna idan aka ɗaure shi a leda bai gama hucewa ba.

Babban kuskurena ya zo ne bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi a bayansa. Komai ya tashi lokaci guda, har kuɗin ɗauko buhu daga kasuwa. Na ji tsoron ƙara farashi kada masu saye su gudu, sai na rage bota da sukari a asirce, na ce ba wanda zai gane. Wani ma ya ba ni shawarar in nemi hodar buromet, mai kumbura burodi ya yi girma da ƙaramin ƙulli. Wannan kam na ƙi. Hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta haramta ta shekaru da dama, saboda bincike ya danganta ta da ciwon daji da lalacewar ƙoda, kuma ’ya’yana ma wannan burodin suke ci. Amma rage botar na yi shi, ba zan ɓoye ba.

Akwai wani dattijo mai shayi kusa da tashar Kawo, guda 30 yake karɓa kullum tun farkon buɗewarmu. Ya rage zuwa 20, sannan 10. Na hau babur na same shi da daddare. Bai yi mini faɗa ba. Ya haɗa shayi mai kauri, ya yanko burodina ya tsoma. Kafin ya ɗago, rabin ya marmashe ya zube cikin kofi. Ya ce, “Ɗana, direbobin nan da yunwa suke zuwa. Burodin da ba ya riƙe shayi ba za su sake nema ba. Da ka ƙara kuɗi ka faɗa mini, da na san abin da zan gaya musu.”

Ban iya shanye shayin ba. Washegari muka koma ma'aunin farko, na rubuta shi da babban baƙi na manna a bango kusa da injin kwaɓi. Na zauna da littafi na fitar da kuɗin burodi ɗaya har da ledarsa, na ɗora riba daidai gwargwado, na ƙara farashin babba, na kuma fito da ƙarami mai giram 400 don wanda aljihunsa bai kai ba. Na bi masu shaguna ɗaya bayan ɗaya na yi musu bayani. Wasu sun tafi wurin masu araha, har yau ba su dawo ba, kuma abin na damuna. Dattijon Kawo sai da ya yi wata biyu yana gwada mu da goma-goma kafin ya koma talatin ɗinsa.

Yanzu daga kowane gashi muna ware guda ɗaya. A auna shi, a yanka a duba cikinsa, a ajiye rabi zuwa gobe a ga ko zai bushe, a rubuta a littafi da sunan wanda ya kwaɓa. Baba yakan biyo wani lokaci bayan Asuba, ƙafa ta fara ba shi wahala, sai a ajiye masa kujera kusa da tanda. Ranar Juma'ar da ta wuce ya karɓi rabin jiya, ya matsa shi da yatsa, ya jira ya ga ya dawo, sannan ya ce a kawo masa shayi.