Alhamdulillahi, mun dawo gida da mai ɗakina

Assalamu alaikum. Jiya bayan la'asar aka sallame mu daga asibiti, bayan shanyewar jiki da ta sami mai ɗakina. Har yanzu jikina bai yarda an gama ba, ko juyi ta yi cikin dare sai in zabura.

Ba sai na maimaita labarin ba, da ku aka yi komai. Asubar da abin ya same ta ce dai ta ƙi barin raina. Shekara 12 tana fama da ciwon ɓarin kai, irin wanda kafin ya sauko sai ta ga walƙiya tana wasa a gefen ganinta, wani lokaci hannu ya sage. Mun saba, cikin minti 30 yakan wuce. Shi ya sa da harshenta ya sarƙe na ce mu ɗan jira. Allah Ya yafe mini. Maƙwabcinmu mai a-daidaita-sahu ne ya leƙo daga masallaci, yana ganin bakinta ya karkace ya ce, "Malam, wannan ba na jira ba ne." Ya hana ni ambatonsa, amma duk layinmu an san shi. Ko kuɗin mai ya ƙi karɓa.

Sai godiya ga likitan zuciya. A gabana aka kaɗa ruwan gishiri ya yi kumfa, aka ɗura mata ta jijiyar hannu, aka ce ta yunƙura kamar mai naƙuda. Da idona na ga kumfar a allon na'ura tana tsallakawa daga ɗakin zuciya na dama zuwa na hagu. Gwiwoyina suka yi sanyi. Likita ya zaunar da ni ya ce akwai wata 'yar kafa, wato ɗan rami, tsakanin ɗakunan zuciyar biyu, kuma kowane jariri da wannan kafa ake haifarsa, sai ta rufe daga baya, amma kusan mutum 1 cikin 4 tasa ba ta rufewa, kuma ta fi yawa ga masu irin ciwon kanta. Ta nan gudajin jini ya bi bai tsaya huhu ya tace shi ba, ya haura ƙwaƙwalwa. Bai yaudare mu ba: ya ce toshe kafar rigakafin shanyewar jiki ne, ciwon kan kuwa wasu yakan yi musu sauƙi, wasu a'a. Ta jijiyar matsematsi aka bi aka toshe, ba a tsaga ƙirji ba.

Gwaggo, ke da kika kwana 9 kan tabarma a barandar asibiti, Allah Ya saka miki da Aljanna Firdausi. Yaya, filin da ka jinginar Allah Ya mayar maka da ninkinsa. Almajiran da suka yi sauka, matan unguwa da suka riƙe mini yara, Allah Ya raba ku da kwanan asibiti, Ya jiƙan iyayenku, Ya shirya zuri'arku.

Waɗanda muke ciki ɗaya da su amma ko waya ba mu gani ba, mun ba su uzuri. Na dai lura.

Masu zuwa dubiya a yi mana haƙuri sai bayan Juma'a, har yanzu hayaniya da hasken rana suna wahalar da ita.