Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Neman Ɗakin Haya a Abuja

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya a inda takardar canjin wurin aiki ta same ni a Katsina cikin shekarar 2011, aka ce in koma hedikwatar ma'aikatarmu da ke Abuja. 'Yan uwa da abokan arziki suka yi ta zuwa taya murna. Mahaifiyata ce kawai ta tambaye ni, "To, ina za ka ajiye iyalin naka?" Na ce, "Inna, ki dai sa mana albarka."

Gidan da nake haya a Katsina ɗaki biyu ne da falo, ga tsakar gida, ga rijiya. Albashina na wata biyu yana biyan hayar shekara har a samu canji. Mai gidan dattijo ne, a sahu ɗaya muke salla. Idan hannu ya yi ƙunci sai in je in ce, "Baba, a ƙara mini haƙuri zuwa ƙarshen wata," ya ce ba komai. Ba lauya, ba takarda, mai unguwa ne shaida.

Da na sauka Abuja wani abokin karatuna ya ba ni wurin kwana a Kubwa, na fara bin dillalai. Kafin ma a nuna maka ƙofar gida sai ka biya kuɗin gani. A Garki aka nuna mini ɗaki guda mai banɗaki da ɗan kicin a ciki, kuɗinsa ya haura albashina na shekara gaba ɗaya. Sannan dillalin ya ce, "Oga, shekara biyu mai gida yake so a dunƙule." Ban da wannan akwai kashi 10 cikin 100 na la'adarsa, kashi 10 na lauya, da kuɗin ajiya ko da za ka ɓata wani abu a gidan. Na fito na tsaya a bakin titi, zuciyata ta yi nauyi ƙwarai.

Abin da ya fi ci mini rai, kuma har yau yana ci, shi ne wannan: ma'aikacin gwamnatin tarayya albashinsa ɗaya ne, ko a Dutse yake, ko a Birnin Kebbi, ko a Abuja, muddin matakinsu ɗaya. Wanda ke Dutse zai iya tara kuɗin fili cikin 'yan shekaru. Takwaransa na Abuja kuwa bashin ƙungiyar adashi ta ofis yake ci kowace shekara don ya biya haya, kafin ya gama biya wata hayar ta zagayo. A shekarar da na zo aka sa hannu a mafi ƙarancin albashi na naira 18,000. Ku auna da kanku inda masinja ko mai shara zai kwana da wannan kuɗi a garin nan.

Wani dattijo a ofishinmu ne ya warware mini yadda aka yi aka zo nan. A da gwamnati ce ke bai wa ma'aikata gidaje. A 2003, zamanin Obasanjo, aka daina, aka ce za a riƙa zuba kuɗin gida cikin albashi, daga baya kuma aka sayar da gidajen. Waɗanda ke ciki a lokacin da dama sun mallaka, mu da muka zo baya ba mu tarar da komai ba. Ga rusau da aka yi lokacin da El-Rufai ke ministan Abuja, wanda ya watsa talakawan unguwanni irin su Idu da Karmo zuwa bayan gari. Alhali idan ka ratsa Maitama da Asokoro da dare za ka ga manyan gidaje a kulle, mai gadi kaɗai ke ciki.

Ƙarshe a Mararraba na samu ciki da falo, wato a jihar Nasarawa. Can kuɗin ya sauko inda zan iya kaiwa, mai gidan kuma ya yarda da shekara ɗaya. Amma sauƙin a hanya nake biyansa. Ana idar da sallar asuba nake fita, in shiga cunkoson Nyanya da Kugbo har zuwa mahaɗar hanyoyi ta AYA da ke Asokoro. Dawowa sai bayan isha'i. Ruwa ma a wurin 'yan garuwa muke saya. Haka dubban ma'aikata ke kwararowa kullum daga Masaka, Ado, Suleja da Madalla. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, na san mutanen da ke kwana a ofis daga Litinin zuwa Juma'a, saboda kuɗin mota ya cinye rangwamen da suka gudu nema.

Wani abokin aikinmu da aka tura Legas ya ce mini a can an yi doka a 2011 da ta hana karɓar fiye da hayar shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, sai dai ba ta shafi Ikoyi, Victoria Island, Apapa da GRA ta Ikeja ba, masu gidaje kuma sun san mai neman ɗaki ba zai tsaya zuwa kotu ba. A Arewa ma sauƙin haya irin na Katsina ba ko'ina ya ɗore ba. Maiduguri ta cika da 'yan gudun hijira da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, haya ta yi tashin gwauron zabi. Gusau ma ta cika da mutanen ƙauyuka da 'yan bindiga suka kora.

Da na karɓi mukulli na kira maiɗakina na faɗa mata gaskiyar girman ɗakin. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Maigida, ni da yaran za mu zo a haka." A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo muku yadda muka loda kaya daga Katsina, da rigimar da ta tashi tsakaninmu da maƙwabta kan kuɗin wuta.