Ka auna ɗakin kuwa?

A wurin aikinmu ni ke da alhakin sayen kayan ofis, tun daga takardar firinta har kujerun zama. Na daɗe ina yi, har na fara ganin kaina gwani: in duba kwali, in karanta abin da aka rubuta a jikinsa, in kwatanta biyu ko uku, in sa hannu a takarda. Abin da ya sauke mini wannan girman kai kuwa wata 'yar na'urar tace iska ce da ba ta kai kwandon shara girma ba.

Akwai wani ƙaramin ɗaki a ƙarshen baranda inda muke jibge tsofaffin fayil-fayil. Tagarsa ɗaya, tana kallon titi, don haka kullum a rufe take. Wata abokiyar aikinmu ce ke wuni a ciki, ga ta da asma. Duk ranar da aka sauko da ɗaurin takardu daga saman kabad, har ofishin gaba ana jin tarinta. Manaja ya ce a samo mata na'urar tace iska, ƙarama, wadda ba za ta cinye wuri ba. Ni kuwa kalmar "ƙarama" kawai na riƙe. Na zaɓo wata fara mai kyan gani, da shuɗiyar fitila a kanta, irin wadda ake ɗorawa a tebur kusa da kwamfuta. A jikin kwalin an rubuta da manyan baƙaƙe cewa tana kama kashi 99.97 cikin ɗari na ƙura. Na ce to, me kuma ya rage?

Aka yi mako uku, tari yana nan yadda yake.

Akwai wani dattijo da ke zuwa yi mana gyaran na'urorin sanyaya ɗaki. Ranar da ya shiga ɗakin fayil ya ga abar a kan tebur, sai ya kara bayan hannunsa a inda iska ke fita, ya ɗan yi shiru, sannan ya juyo gare ni.

"Malam, ka auna ɗakin kuwa kafin ka sayo wannan?"

Na ce, "Baba, ai ɗakin ƙarami ne."

"Ƙarami nawa?"

Ban da amsa. Ya zaro tef ɗin awo daga aljihu, ya ba ni bakinsa na riƙe. Tsawo mita 4, faɗi mita 3, daga ƙasa zuwa silin mita 2.7. Ya lissafa a bayan wani tsohon ambulan, ya fita kubik mita 32 da 'yan kai. Ya ce in kawo ɗan littafin da ya zo cikin kwalin. Can a shafin ƙarshe, cikin ƙananan rubutu, ya ɗora farcensa a kan haruffa huɗu, CADR, da lambar da ke gabansu: kubik mita 40 a awa ɗaya.

Ya ce, "Kwalin bai yi maka ƙarya ba. Abin da ya ratsa filtar tana kamawa. Amma iska nawa ke ratsa ta?"

Tambayar nan ta tsaya mini a rai, shi ya sa na zauna na yi karatun abin a kaina. CADR ma'auni ne na yawan tsaftatacciyar iskar da na'ura ke fitarwa, wato ƙarfin jan iskarta haɗe da iya kamun filtarta. Ƙungiyar masu ƙera kayan lantarkin gida ta Amurka, AHAM, ita ke da tsarin gwajin da aka fi sani, kuma lamba uku take bayarwa: ta hayaƙi, ta ƙura, da ta garin furanni. Ta hayaƙi ce aka fi dubawa, domin ƙwayoyinsa ne mafi ƙanƙanta. Wasu kamfanoni da kubik ƙafa a minti suke rubutawa, sai mutum ya ninka da 1.7 ya samu kubik mita a awa. Da yawa daga cikin ƙananan na'urorin tebur kuwa ba sa ma rubuta lambar, sai dai "ta dace da ɗaki mai faɗi kaza". Yanzu in ban ga lambar ba, ajiye kwalin nake yi.

In ka raba CADR da girman ɗaki, za ka san sau nawa na'urar ke juya iskar ɗakin a awa. Tawa 40 ce, ɗakin 32, ke nan sau ɗaya da kwata. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, a 2023 ta ba da shawarar a nemi sau 5 ko fiye a wuraren da mutane ke zama. Ita ma AHAM ƙa'idarta kusan nan ta faɗa: lambar hayaƙi, a kubik ƙafa a minti, ta kai aƙalla biyu bisa uku na faɗin ɗaki a murabba'in ƙafa, in silin ƙafa 8 ne. Ɗakinmu ke nan yana neman wajen kubik mita 160 a awa, ni kuwa na kawo masa 40.

Da farko na yi gardama a zuciyata. In tana juya iskar sau ɗaya a awa, ai cikin awa ɗaya ta gama aiki. Ashe ba haka abin yake ba. Iskar da ta tace ba gefe guda take komawa ta tsaya ba, cakuɗewa take yi da mai datti nan take. Kamar bokitin ruwa mai laka ne da kake tsiyaya masa ruwa mai kyau yana ambaliya: yana washewa, amma a hankali, kuma ba a zuba bokiti ɗaya a ce an gama. Lissafin ya nuna a rufaffen ɗaki, in ba sabuwar ƙura, mai juyi 5 a awa tana kawar da kashi 99 cikin kusan minti 55. Tawa sai ta yi awa 3 da minti 40. A ɗakin da ake sauko da fayil duk bayan rabin awa, ba ta taɓa cim ma ƙurar ba, balle ta wuce ta.

Shi wannan 99.97 da ya ruɗe ni ma'aunin filtar HEPA ne, wato filtar da aka ƙera don kama ƙananan ƙwayoyin ƙura. Asalinta daga shekarun 1940 ne, lokacin aikin ƙera bam ɗin nukiliya a Amurka, inda ake neman abin da zai tare ƙura mai guba. Ana gwada ta da ƙwayoyi masu girman maikiron 0.3, alhali kaurin gashin kai ɗaya yakan kai wajen maikiron 70. Na zaci duk abin da ya fi 0.3 ƙanƙanta sulalewa yake yi. Akasin haka ne, kuma wannan ya ba ni sha'awa ƙwarai. Manyan ƙwayoyi suna karo da zaren filtar su maƙale saboda nauyinsu. Ƙananan sosai kuwa ba sa tafiya a miƙe, tangal-tangal suke yi saboda bugun da ƙwayoyin iska ke yi musu, har su faɗa kan zare. Na tsakiya ne masu wuyar kamu, shi ya sa aka zaɓi wurin don gwaji. A Turai ana rubuta H13 ga mai kama kashi 99.95. In ka ga an rubuta "irin HEPA" ko "kamar HEPA", ba wani ma'auni a bayan maganar.

Sai dai a ganina an cika kururuta waɗannan lambobin. A ɗakin da iska ɗaya ke zagayawa tana komawa cikin na'ura, bambancin 99.95 da 99.97 ba abin da huhu zai sani ba ne. Filta mai kama kashi 90 da ke jan iska ninki biyu ta fi mai 99.97 da fankarta ba ta da ƙarfi. A 2020 wasu Amurkawa biyu, malamin jami'a Richard Corsi da mai kamfanin filta Jim Rosenthal, sun yaɗa dabarar haɗa fanka mai kusurwa huɗu da filtoci huɗu na gama-gari a manne su da salatif, kuma wannan akwati marar fasali yana fitar da tsaftatacciyar iska mai yawa, saboda kawai iska na ratsa shi sosai.

Na koma na sayo ta biyu, lambarta ta ɗan haura 160. Kafin a sa ta a soket, dattijon nan ya buɗe bayanta ya zaro filtar, ga ta a naɗe cikin ledarta ta kamfani. Ya yage ledar yana dariya, ya ce ya sha tarar da irin wannan ana ta kunnawa wata da watanni, fitila na ci, fanka na juyawa, ba abin da ke shiga. Da ni kaɗai ne, da na shiga sahunsu.

Na ɗauka an gama. Bayan kwana huɗu na leƙa, na tarar da ita a kan mafi ƙanƙantar gudu.

Na ce, "Malama, ai a kan na uku ya kamata ta zauna."

Ta ce, "Malam, kunna ka ji."

Na kunna. Ɗakin ya cika da ƙugi kamar ana busar da gashi. Ta ɗaga kan wayar tebur ta nuna mini, ma'ana ta yaya za ta ji mai magana. Ba ta yi laifi ba. Abin da ban sani ba shi ne lambar CADR a kan gudu mafi ƙarfi ake auna ta, lambar shirun da ake talla da ita kuwa a kan mafi rauni. Lambobi biyu ne na gaskiya da ba sa haɗuwa a lokaci ɗaya. A ma'aunin ƙarfin ƙara, raɗa wajen desibel 30 ce, hira ta yau da kullum wajen 60, kuma ƙarin 10 kunne yana jinsa kamar an ninka ƙara. Ƙaramar na'ura dole ta yi ihu kafin ta ba da abin da babba ke bayarwa tana numfashi a hankali. Muka mayar da ita aka ba mu wadda ta kusa ninka ta ƙarfi, tana zaune a kan gudun tsakiya daga safe har tashi. Faɗinta a ƙasa bai fi na waccan da tafin hannu ba, tsawo ne ta ƙara. Manaja ya dube ta ya ce ai ba wannan ya ce ba, na miƙa masa ambulan ɗin lissafin.

Shuɗiyar fitilar ta farkon nan, daga baya na gane alamar wani maɓalli ce mai sakin caji cikin iska don ƙura ta manne a bango da kayan ɗaki. Wasu masu irin wannan suna fitar da iskar ozon, wadda ke ƙaiƙaya huhu, musamman ga mai asma. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta hana sayar da na'urar tace iskar ɗaki da ozon ɗinta ya wuce kashi 0.05 cikin miliyan. Mako uku na bar wannan maɓalli a kunne a gaban fuskar mai asma ba tare da na tambaya ba, kuma har yau in na tuna sai in ji ba daɗi. Ta yanzu ma tana da shi, na kashe na manna masa takarda.

Akwai abubuwan da ba aikinta ba ne. HEPA ba ta kama wari ko wata iskar gas. Gawayi ne ke wannan, kuma 'yar siririyar baƙar shimfiɗar da ake sakawa cikin ƙananan na'urori tana cika da wuri. Ba ta rage iskar da mutum ke fitarwa in ya yi numfashi, don haka ɗakin da ya yi nauyi sai an buɗe ƙofa. Ƙurar da ta riga ta kwanta a kan kabad kuma sai jiƙaƙƙen tsumma. Mun janye na'urar daga lungun kabad inda na fara cusa ta, muka bar mata sarari ta kowane gefe.

Filta ana canza ta tsakanin wata 6 zuwa 12 gwargwadon ƙurar wuri, ba a kuma wanke ta sai dai ragar da ke gabanta. Kafin na karɓi ta ukun sai da na tabbatar ana samun filtarta, na rubuta ranar sakawa da maka a gefe. Da muka buɗe bayan wata biyar, fuskar da ke shaƙar iska ta zama toka-toka, ɗayar na nan fara. Tarin Malama ya ragu sosai, ko da yake maganin shaƙarta na nan a jakarta kamar kullum.

Ita kuwa 'yar farar ta farko, lokacin mayarwa ya wuce kafin dattijon ya zo. Tana sito, a layi na biyu, da lambar da ni na rubuta mata a rijistar kaya. Duk ƙarshen shekara in mai binciken kaya ya iso kanta sai ya tambaya, "Wannan fa, ta lalace ne?" In ce masa a'a, lafiyarta ƙalau.